Tiyon numfashin inji: a gyara na kamfani, a sake shi ƙasa, ko a sa masa gwangwani?

Duk wanda ya saba leƙa ƙarƙashin bonet a garejojin Garwa ya taɓa cin karo da wannan: gorar ruwan Tangui da aka shanye, an ɗaure ta da robar tiyub a gefen batir, wani tiyo ya fito daga murfin kan inji ya shige bakinta, baƙin mai ya kwanta a gindinta. Wasu ma ba sa wahalar neman gora. Karkata tiyon kawai suke yi ya kalli ƙasa, yana huci yana ɗiga duk inda motar ta tsaya. Ka tambaya a ce maka ai an buɗe wa injin numfashi ne. Makanikan da suka yi koyo da Faransanci raniflar suke ce masa, mu masu mota tiyon numfashi muka sani.

Maganar ta taso a gidanmu sau biyu cikin wata guda. Ƙanena da ke jan Corolla mai fetur tsakanin Garwa da Gider ya fara samun mai a akwatin filtar iska. Ni kuma tsohuwar Hilux ɗin da nake kai kaya kasuwannin ƙauye da ita, mai gazuwal, wato dizil, da turbo, an kwance mata bututun shigar iska sai ga baƙin kwaɓi ya like ciki kamar kwalta. Makaniki ɗaya muka je wa, shawara ɗaya ya ba mu: a zare tiyon a sake shi ƙasa. Ƙanena har ya yarda, ya ce, "Yaya, ai kowa haka yake yi." Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ciwo biyu daban aka rubuta wa magani ɗaya. Bayan tambaye-tambaye da ɗan asarar kuɗi na gane hanyoyin uku ne, kuma wadda ta dace da motata ba ta dace da tasa ba.

Tukuna, mene ne ke fita ta tiyon? Duk sanda mai ya kama wuta a kan fistin, ba dukkan hucin ke bin salansa ba. Wani kaso yana sulalewa ta gefen ringi, wanda makanikanmu ke ce wa segman, ya faɗa karter inda baƙin mai ke kwance. Sabon inji ma yana yin haka, tsoho dai ya fi. Abin da ke sulalewar hayaƙi ne gauraye da tururin ruwa da ɗanyen man da bai ƙone ba, kuma a hanyarsa ta fita yana kwasar feshin baƙin mai. In bai sami ƙofa ba zai fasa wa kansa: ya tunkuɗo joj, sandar auna baƙin mai, sama, ya ɓalle juwan da ke hana mai yoyo a mahaɗar sassan inji, mai ya riƙa tsattsafowa ta ko'ina. Saboda haka toshe tiyon da ƙusa ko guntun itace don a daina ganin mai ba ya ma cikin lissafi. Wanda ya toshe, ya tanadi kuɗin sauke giyabos, don juwan sipi, robar da ke tare mai a bayan inji, ba ya canzuwa sai an sauke shi.

Motocin zamanin da duk numfashinsu a buɗe yake. Bututu ake saukarwa ƙarƙashin mota, iskar gudu ta riƙa jan hayaƙin. Yana aiki muddin ana gudu, amma motar da ke rarrafe cikin gari ba ta samun wannan ja, sai laka ta taru mata a inji. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda hayaƙin motoci ya addabi Los Anjalis, aka fara sa bawul ɗin PCV a sababbin motoci a 1961, ba a daɗe ba ya game ƙasar, daga baya ya game duniya. Dabarar ita ce a mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone.

Ga abin da makanikinmu ya tsallake. A injin fetur irin na Corolla ko Carina tiyo biyu ne. Na farko yana ɗauke da ɗan bawul mai sifirin a ciki, ya tashi daga murfin kai ya shiga manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, a bayan totur, inda inji ke zuƙa da ƙarfi in yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Na biyu ya taso daga bututun da ke bayan filtar iska, shi ke kawo tatacciyar iska ta cike gurbin abin da aka zuƙe. Iska na ratsa karter ke nan tana share shi, kamar ɗaki mai taga biyu. In aka taka totur sosai zuƙar manifol ta ragu, hayaƙin da ya yi yawa sai ya juya ya bi tiyo na biyu. Injin gazuwal ba shi da irin wannan zuƙa a manifol, don haka tiyo ɗaya gare shi, mai kauri, daga murfin kai zuwa bututun iska kafin turbo. Duk hukuncin da za a yanke daga wannan bambancin yake tasowa.

Kafin a sayi ko maɗaurin tiyo ɗaya, a yi gwajin da ba ya cin sisi. Inji ya ɗau zafi, yana silo. A mai fetur, a zare bawul daga murfin kai da tiyonsa a jiki, a ɗora yatsa a bakinsa: lafiyayye zai tsotsi yatsan. A kashe inji a girgiza shi, ya kamata ya yi ƙara kamar kacau-kacau. In ya yi shiru, ya like. A mai gazuwal, a kwance murfin zuba mai a bar shi zaune a bakin ramin. 'Yar rawa ba komai ba ce. In ya yi tsalle ya faɗi, hayaƙi na tasowa buf-buf kamar madambaci, a je a auna kwamfureshan, wato ƙarfin matse iska na silinda. In ringi ne suka gaji, babu ɗaya cikin hanyoyin nan uku da za ta warkar da inji. Iyakarsu su canza wurin da man zai zuba.

Hanya ta farko, a gyara na kamfani. Ba ta da tsada, kuma ita ake rainawa don ba a ganin an ƙara wani abu ƙarƙashin bonet. Bawul in ya like a rufe, hayaƙi ya rasa hanyarsa ta farko, ya koma ta tiyo na biyu da mai a jikinsa, shi ne abin da ƙanena ya gani a akwatin filta. In ya like a buɗe, silo ya riƙa hawa da sauka, inji ya riƙa shan mai, shuɗin hayaƙi na fita ta salansa. Zafinmu na Maris da Afrilu, da ke kai digiri 40, yana busar da tiyo ya yi tauri kamar ƙaho ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, haka ma 'yar robar da bawul ke zama a ciki. A canza su gaba ɗaya. In an sami hali a sauke murfin kai a wanke farantin da ke cikinsa, wanda aikinsa tare feshin mai ne, don laka kan cike shi. Abu guda da za a kiyaye: kowane inji da nasa bawul, an auna ƙarfin sifirin da faɗin ramin daidai da shi. Wanda ya yi kama a ido ba lallai ya yi daidai ba, a tafi kanti da tsohon da lambar inji.

A duba ƙananan abubuwa biyu ma, da kan sa a zargi tiyo alhali ba laifinsa ba ne. Filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana sa inji ya ja da ƙarfi ta tiyon numfashi, ya jawo mai. Sai yaran gareji masu ƙara mai ya wuce layin sama na joj wai don kyautatawa.

Ga injin fetur mai kafireto, ko mai injekta da ke fesa mai a bayan bawul ɗin shigar iska, wannan hanya ta wadatar. Fetur da kansa yana wanke bawul ɗin kullum, ɗan feshin baƙin man da ke shigowa ba ya samun wurin zama. Inda ta gaza shi ne a irin motata. A can tsarin na aiki yadda aka tsara shi, amma feshin mai yana bin turbo, ya kwanta a lagireton sanyaya iska, ya isa manifol ya gamu da kunkunniyar da bawul ɗin EGR ke dawowa da ita daga salansa. Kunkunniya ita kaɗai busasshiya ce, mai shi kaɗai ruwa-ruwa ne, haɗuwarsu ce ke yin kwaltar nan da ke ƙuntata hanyar iska har mota ta rasa ƙarfi a hawa.

Hanya ta biyu, a saki tiyon ƙasa ko cikin gora. Ba zan ce ba ta da amfani ba. Ba ta cin kuɗi, ba ta ɗaukar minti goma, mai ba ya sake shiga hanyar iska, kuma karter ba zai taɓa cika da huci ba muddin tiyon a buɗe yake. Manyan motocin ɗaukar kaya na da, masu gazuwal, da yawansu haka suka fito daga kamfani, suna ɗiga suna tafiya shekara da shekaru.

Amma a injin fetur, a ƙasa irin tamu, nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Abin da aka fi yi shi ne a zare tiyo na biyu, tunda shi ke kawo mai a akwatin filta, a bar na bawul a manne. To ai bawul yana nan yana zuƙa. Iskar da da take shigowa tatacciya, yanzu daga ƙarƙashin mota take shigowa, kusa da taya, kai tsaye cikin baƙin mai. Wanda ya taɓa bin hanyar laterit a bayan motar auduga a watan Janairu ya san irin iskar da nake nufi. Ƙura a cikin baƙin mai kuwa sanfefa ce, tana cin metal, wato beyarin cikin inji, da ringi a hankali, sai hayaƙin da aka so kawarwa ya ƙaru. In kuma aka manta ba a toshe ramin da tiyon ya bari a bututun iska ba, ƙurar har cikin silinda. A motocin da ke da na'urar auna iska a bayan filta, kamar Corolla mai injin 1ZZ, akwai ƙari: iska na shiga ta bayan gida ba tare da kwamfutar motar ta lissafa da ita ba, silo ya rikice, fitilar gargaɗin inji ta kama a dashbod.

In aka zare duka biyun aka toshe ramukan da suka bari a manifol da bututun iska da kyau, ƙura ta ragu, amma sharar ɗakin nan ta tsaya. Tururin ruwa da ɗanyen fetur sai su fi daɗewa cikin baƙin mai, ya tsinke ya lalace da wuri. Ga mai sayen zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, wanda ba kullum ake sanin abin da aka gauraya masa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da aka tsira da shi a bawul zai tafi a yawan vidanj, wato canjin baƙin mai.

A injin gazuwal abin ya fi sauƙi, tunda babu bawul mai zuƙa. Muddin an toshe ramin bututun iska da kyau, ƙura ba ta shiga da yawa. Sauran matsalolin na waje ne: mai na fesuwa a shasi ƙura ta like, wari na shigowa gaban mota in an tsaya, ɗigon da ya sauka a kan salansa mai zafi yana hayaƙi, ranar bizit teknik, duba lafiyar mota na hukuma, kuma sai an wanke ƙasan mota an yi addu'a. Sai damina. Tiyon da ke rataye can ƙasa, in an shiga rafi da ruwa ya kai gatari, bakinsa yana nutsewa, kuma inji mai zafi da ruwa ya sanyaya shi farat ɗaya yana iya jan ruwan ciki. Wanda ya ga dole sai wannan hanya, ya kai bakin tiyon sama cikin bonet, ya sa masa 'yar filta, kada ya bar shi yana shara a ƙasa. Gorar roba kuma a bar mata hanyar fitar iska a murfi. Na ga wadda aka naɗe wa baki da salatif tsaf don kada ta yi yoyo, wato an toshe numfashin ke nan ba a sani ba.

Hanya ta uku, gwangwanin tare mai. Tiyon ya shiga gwangwani, mai ya zauna a gindi, hayaƙin ya fita ta wani tiyo ya koma inda kamfani ya kai shi tun farko. Tsarin yana nan a rufe, ƙura ba ta shiga, mai kuma ba ya isa manifol. A takarda ta haɗa alherin hanyoyin biyu. A aikace sai an san irin gwangwanin.

Akwai masu sheƙi da ake tallarsu a Facebook da araha, in ka buɗe ciki fayau. Irin waɗannan manyan ɗigo kawai suke kamawa, feshin da ya fi laushi ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Irinsu na fara saya, kuma ba ma fayau ɗin ne ya cuce ni ba, bakinsa ne. An yi shi don ƙaramin injin fetur, sai muka rage tiyon motata ya shiga. A ce tiyo mai faɗin milimita 19 aka mayar milimita 10: a ido kamar rabi aka rage, a lissafin faɗin rami kuwa abin da ya saura bai fi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya ba. Cikin gari ban ga komai ba. Ranar da na ɗauki kaya zuwa Ngaundere, na wuce Mbe na kama hawan falez, dutsen da ake hawa kafin Ngaundere, da giya biyu, inda inji ke fitar da huci mafi yawa, da na tsaya a sama sai na tarar joj ya ɗago, mai ya jiƙa gefen inji. Allah ya sa juwan murfin kai ne kawai ya saki. Ka'idar ke nan: bakin gwangwani da tiyonsa kada su gaza na kamfani faɗi.

Na biyu shi ne na gida, ko na kasuwa da aka gyara. Mai walda zai iya yin sa da guntun bututun ƙarfe: a sa faranti a tsakiya ya raba shiga da fita, a kai bututun shiga ƙasa-ƙasa, a cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a sama don feshi ya sami abin kamawa ya taru ya ɗiga, a sa ƙusar zubarwa a gindi. Soson ya zama mai kaurin zare wanda ba ya tsatsa, a tare shi da raga, kuma kada a danna shi ya toshe hanya. Mai laushin nan da ke marmashewa, gutsattsarinsa turbo za su nufa. Wannan yana kama mai fiye da fayau nesa ba kusa ba, duk da ba ya kama duka.

Na uku shi ne mai filta ta musamman a ciki, wanda aka fi sani ProVent 200 na kamfanin Mann+Hummel na Jamus. An yi shi don injin gazuwal, bakinsa mai faɗi ne, yana da bawul da ke buɗewa in huci ya yi yawa, kuma shi ya fi tace feshi. Tsadarsa sau biyu ce: ta saye, da ta filtar da ake canzawa, wadda ni dai sai oda nake yi. Jabunsa ma sun cika intanet. Wanda ba zai iya bin kuɗin filtar ba, gara masa na mai walda, don filtar da ta toshe aka bar ta ta fi rashinta sharri.

Ko wane iri aka zaɓa, aikin ɗaurawa ɗaya ne. Tiyo ya zama wanda aka yi don mai. Na lagireto kumbura yake in ya sha mai, farin tiyon magina kuma zafi na narkar da shi ya lanƙwashe ya rufe kansa. A ɗaure gwangwanin a tsaye da ƙusa, nesa da salansa da turbo, inda hannu zai kai gindinsa. Kada tiyo ya yi ciki a tsakiya, don nan mai zai taru ya tare hanya. A injin fetur gwangwanin tsakanin bawul da manifol yake zama, dole ya zama na ƙarfe kuma ba ya shan iska ko kaɗan, gorar roba a nan tsotsewa za ta yi ta lotse.

Sai zubarwa, wadda ita ce ainihin kuɗin wannan hanya. Gwangwanin da ya cika aka manta da shi yana iya aika wa turbo mai a dunƙule, injin gazuwal kuwa yana ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gazuwal. Sai ya ɗau gudu da kansa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, farin hayaƙi ya turnuƙe. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma ya fi zuwa daga lalataccen turbo, amma duk mai gazuwal ya san maganinsa: a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci ya shaƙe, ko a rufe bakin shigar iska da katako, ba da tafin hannu ba. Turawa suna fama da ruwan cikin gwangwani da ke daskarewa da sanyi ya toshe hanya. Mu wannan bai dame mu ba, iyaka da safiyar hunturu, musamman a tudun Ngaundere, a ga abin ya yi fari-fari kamar an zuba madara. Ruwa ne da mai da ɗanyen fetur ko gazuwal, ba a mayar da shi inji, a zuba a jarkar tsohon mai.

To wa ya kamata ya sha wannan wahala? Mai gazuwal da turbo da EGR, irin Hilux masu injin 1KD da 2KD, i, ta cancanta, amma bayan an wanke manifol, don gwangwani ba ya cire kwaltar da ta riga ta like. Haka masu fetur da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, waɗanda Mitsubishi ya fara yaɗawa a 1996, yanzu kuma suna shigowa cikin okaziyon, motocin hannu na Turai, ta Duwala da tambarin GDI, FSI ko TSI: su fetur ba ya taɓa bayan bawul balle ya wanke shi, gwangwani yana rage taruwar dattin. Tsohon injin gazuwal marar turbo, irin 1HZ na Land Cruiser ko 3L, in ba shi da EGR, ɗan man da ke shafe manifol ba ya masa komai, a bar kaza cikin gashinta. Mai Corolla, Carina ko Starlet ya sayi bawul da tiyo ya huta. Sakin tiyo ƙasa kuwa, a ganina, na tsohon injin gazuwal ne da aka riga aka yanke za a sauke shi, ana lallaɓa shi ya ƙarasa kakar auduga.

Ƙanena bawul da tiyo biyu ya canza, ya wanke akwatin filta, man bai dawo ba. Makanikin da ya ga tsohon bawul ɗin ya like kamar an sa masa siminti, dariya kawai ya yi ya ce, "Alhaji, ashe ƙanenka ya tsira da arha." Ni kuma na jefar da mai sheƙin, mai walda ya yi mini wani da baki daidai da tiyon kamfani. Duk vidanj nake kwance ƙusar gindinsa, in kuma tafiyar Ngaundere ce ko Marwa da kaya, ina duba shi kafin in tashi.